Kafasita da Natsuwar Madaidaicin Lantarki: Darasi Daga Magama ta Jibiya



Abin da za mu tattauna a kansa yau ƙaramin abu ne ƙwarai da gaske, domin mafi girmansa a cikin irin aikin da muke nufi bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ƙaraminsa kuwa ƙwayar shinkafa ta fi shi. Sunansa kafasita, amma masu gyaran rediyo a kasuwanninmu sun fi saninsa da kwandansa. Ana samun kafasita iri iri a cikin kowace na'ura, sai dai mu guda ɗaya tak za mu duba, watau wadda ake dasawa a bakin fitar madaidaicin ƙarfin lantarki. Manufata ita ce in nuna muku cewa wannan kafasita tana cikin abubuwan da ke riƙe da natsuwar madaidaicin, kuma duk wanda ya musanya ta da wata ba tare da ya san halinta ba, ko da wadda ya sa ta fi tsada, yana iya lalata na'urar da ya yi niyyar gyarawa.

Dalilin ɗaukar misali daga Magama

Magama ita ce ƙofar Nijeriya a ƙasar Jibiya, cikin Jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Wuri ne na ma'aikatan kwastan da na shige da fice, da direbobin manyan motoci, da fatake, da masu ƙananan sana'o'i. Aikin kowannensu a yau ya dogara da wata na'ura: rediyon oba-oba, kwamfuta, na'urar cirar kuɗi, sikeli mai lantarki, ko kuwa rediyon jin labarai. Dukkan waɗannan suna bukatar wuta mai tsayayyen ƙarfi, galibi bolt 5 ko bolt 3.3, alhali wutar da ake samu ba ta san tsayawa wuri ɗaya ba.

Mutanen wannan yanki ba su bukatar a ba su labarin yadda wuta ke yanke ƙauna. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, an rufe kan iyaka, Nijeriya kuma ta katse wutar da take sayar wa Nijar a watan Agusta, ba a mayar da al'amura yadda suke ba sai a watan Maris na 2024. A irin wannan hali jama'a kan koma ga janareto, da batir, da faifan hasken rana. To, batirin da aka rubuta masa bolt 12 yakan haura bolt 14 sa'ad da ake yi masa caji, ya kuma sauko ƙasa da 12 idan ya yi sanyi. Tsakanin wannan hawa da sauka da kuma na'ura mai bukatar bolt 5 daidai, akwai mai tsaron ƙofa guda, shi ne madaidaici.

Yadda madaidaici yake aiki

Madaidaitai iri biyu ne. Akwai mai kunnawa da kashewa da sauri, wanda shi ne a cikin yawancin cajar waya ta zamani. Akwai kuma mai ƙona rara, wanda shi ne zancenmu. Shi wannan yana karɓar wuta mai ƙarfi, ya bar abin da ake bukata ya wuce, sauran kuwa ya mai da shi zafi. Alal misali, idan bolt 14 suka shiga, bolt 5 suka fita, na'ura kuma tana jan rabin amfiya, to rarar bolt 9 a ninka da rabi, wat 4.5 ke nan na zafi da madaidaicin zai riƙa fitarwa. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo gare shi. Duk da wannan asara ana ci gaba da amfani da shi, saboda araharsa, da sauƙin haɗa shi, da kuma tsabtar wutar da yake bayarwa, wadda rediyo da na'urorin awo suke matuƙar bukata.

A cikinsa akwai abubuwa uku. Na farko ma'auni ne tsayayye wanda ba ya motsi. Na biyu alƙali ne, watau wata 'yar da'ira mai gwada abin da ke fita da wancan ma'auni. Na uku taransista ce mai aikin ƙofa, wadda alƙalin ke buɗewa ko tsukewa. Idan wutar da ke fita ta ragu, alƙali ya ƙara buɗe ƙofa, idan ta ƙaru ya tsuke. Wannan dabara ta mai da labarin sakamako ga mai yanke hukunci domin ya gyara, tsohuwa ce. James Watt ya yi amfani da ita a 1788 wajen daidaita gudun injin tururi a Ingila, kuma Harold Black ya shigo da ita cikin aikin lantarki a 1927 a Amurka. Tun a 1868 James Clerk Maxwell ya yi lissafin dalilin da ya sa irin waɗannan injuna wani lokaci sukan kasa natsuwa, su dinga hawa da sauka. Harry Nyquist a 1932, da Hendrik Bode bayansa, su ne suka ba injiniyoyi ma'aunin da ake aiki da shi har yanzu.

Illar jinkirin labari

Domin mu fahimci abin da waɗannan masana suka gano, bari mu ɗauki misalin noman rani irin wanda ake yi a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Jibiya. A ce akwai mai tsaron ƙofar ruwa a sama, da tafki a ƙasa inda manoma ke ɗiba, da kuma yaro mai kai labari tsakaninsu. Idan yaron yana da hanzari, da zarar ruwa ya ɗan ragu mai ƙofa ya ji, ya ɗan ƙara, tafki ya zauna daram. Amma a ce yaron yana da nawa. Kafin labarin raguwa ya iso, tafki ya kusa ƙafewa, sai mai ƙofa ya buɗe da ƙarfi. Kafin labarin cika ya iso, ruwa ya yi ambaliya, sai ya rufe ruf. Haka za a dinga yi, ambaliya da ƙafewa suna bin juna, alhali mai ƙofa bai yi ganganci ba, yaro kuma bai yi ƙarya ba. Labarin gaskiya ne, makararsa ce ta jawo ɓarna.

A lantarki ana auna wannan jinkiri da digiri, kamar yadda ake auna da'ira. Cikakken zagaye na hawa da sauka digiri 360 ne. Idan jinkiri ya kai rabin zagaye, watau digiri 180, gyara ya juye ya zama ɓatawa, domin alƙali zai ƙara a daidai lokacin da ya kamata ya rage. Kowane wuri a cikin da'ira inda wuta ke taruwa kafin ta wuce yana iya jawo jinkiri har zuwa digiri 90. Bari mu kira irin wannan wuri mashigar jinkiri. Mashiga ɗaya ba ta da hatsari. Mashiga biyu kuwa suna iya kusantar 180. Tazarar da ta rage tsakanin jinkirin da ake da shi da kuma 180, a gudun da ƙarfin alƙali yake ƙarewa, ita ce tazarar aminci, kuma injiniyoyi kan so kada ta gaza digiri 45.

Tsohon zubi da sabon zubi

A nan ne bambancin madaidaitai yake fitowa. A ƙarshen shekarun 1960 Robert Widlar ya ƙera madaidaitai na farko da suka yaɗu a cikin ƙwaya guda, a farkon shekarun 1970 kuma aka fito da dangin 78, waɗanda mafi shahararsu shi ne 7805 mai ba da bolt 5. A 1976 Robert Dobkin ya ƙera LM317, wanda ake iya saita ƙarfinsa daga bolt 1.25 zuwa sama. A cikin waɗannan an ɗora taransistar ƙofa ta yadda take bin umurni nan take, kuma masu ƙira sun riga sun daidaita jinkirin tun daga ciki. Saboda haka 7805 yana iya natsuwa ko ba kafasita a bakin fitarsa, ko da yake ana shawartar a sa maikurofarad 0.33 a mashigarsa da 0.1 a mafitarsa. Kuɗin wannan haƙuri nasa shi ne, dole wutar da ke shiga ta ɗara mai fita da kimanin bolt 2.

Ga mai aiki da batir, bolt 2 asara ce babba. Don haka aka ƙera madaidaici mai ƙaramar rara, wanda rabin bolt ko ƙasa da haka ya ishe shi. An cim ma wannan ta hanyar juya zaman taransistar ƙofa, sai dai juyin ya zo da sharaɗi. A sabon zubi, kafasitar bakin fita tare da na'urar da ke jan wuta sun zama mashigar jinkiri mai zaman kanta, ga kuma wata mashigar a cikin alƙali. Mashiga biyu ke nan. Watau mai ƙira ya bar wani ɓangare na natsuwar madaidaicin a waje, a hannun wanda zai dasa kafasita. Dangin 79, masu ba da wuta ta ɓangaren ragi, su ma haka suke tun asali, shi ya sa takardarsu ta wajabta kafasita a bakin fita alhali ta 'yan'uwansu na 78 ba ta wajabta ba. Mai gyaran da ya saba da haƙurin 7805 yakan zaci duk madaidaici mai ƙafa uku halinsu ɗaya, kuma daga nan matsala take farawa.

Aibin da ya zama magani

Babu kafasitar da take cikakkiya. Kowace tana da 'yar turjiya a cikinta, wadda wuta ke ratsawa kafin ta shiga ma'aji. A takardun masana'antu ana rubuta ta da haruffa uku, ESR, mu kuwa za mu kira ta turjiyar ciki. A mafi yawan ayyuka aibi ce, ana son ta yi ƙasa iyakar iyawa. Amma a bakin madaidaici mai ƙaramar rara ita ce ke ceton al'amari.

Mu koma ga tafkinmu. A ce bakin da ruwa ke shiga tafki yana da ɗan matsi. Da zarar mai ƙofa ya ƙara ruwa, sai ruwan ya ɗan tashi a wannan baki nan take, tun kafin tafkin ya soma cika. Yaron da ke tsaye a bakin zai ga alama da wuri, ya kai labari da wuri. Haka turjiyar ciki take yi: tana ba alƙali labarin gaggawa, ta janye wani ɓangare na jinkirin da kafasita ta jawo. Gudun da wannan taimako yake farawa shi za mu kira mafitar jinkiri.

Lissafin ba shi da wuya. A ninka turjiya da girman kafasita, a ninka da 6.28, sa'an nan a raba 1 da abin da aka samu, amsar ita ce yawan zagaye a daƙiƙa. Mu ɗauki kafasita mai maikurofarad 22, da na'ura mai jan kashi ɗaya cikin goma na amfiya a bolt 5, wadda daidai take da turjiyar om 50. Mashigar jinkiri za ta faɗa wajen zagaye 145 a daƙiƙa. Idan na'urar ta ja amfiya 1, sai mashigar ta matsa zuwa wajen 1,450. Ku lura ke nan natsuwa tana canzawa da nauyin kaya. Yanzu mu duba mafita. Idan turjiyar ciki rabin om ce, mafitar jinkiri tana wajen zagaye 14,500, watau ta zo a kan kari, kafin ƙarfin alƙali ya ƙare. Idan kuwa turjiyar kashi 5 ce cikin dubu na om, mafita za ta tafi wajen zagaye miliyan 1.45, inda ba ta da sauran amfani. Haka kuma idan turjiyar ta yi yawa fiye da kima, ƙarfin alƙali yakan miƙe har ya tarar da wasu ƙananan mashigai na jinkiri da ke can sama, rawa ta sake tashi. Ashe dai turjiyar ciki tana da iyaka ta ƙasa da ta sama, kamar gishiri a miya.

Masana'antu ba su ɓoye wannan ba. Takardar LM2940, madaidaici mai ƙaramar rara da ake yawan haɗawa da batirin mota, ta ce kada kafasitar bakin fita ta gaza maikurofarad 22, turjiyar cikinta kuma ta kasance tsakanin om 0.1 da om 1. Takardar LM1117, wanda danginsa suka cika allunan ƙananan na'urori, ta nemi aƙalla maikurofarad 10 na tantalam, da turjiya tsakanin om 0.3 da om 22. Akwai kuma wasu, irin su LP2985, da aka ƙera musamman domin su natsu da kafasita mai ƙaramar turjiya ƙwarai. Saboda haka babu doka guda da ta game kowa, kowane madaidaici da tasa takardar.

Zafin bazara da sanyin hunturu

Kafasitocin da ake sawa a wannan wuri iri uku ne. Akwai ta alminiyam mai ruwan sinadari a ciki, ita ce mai siffar gwangwani, ta fi araha, ta fi yawa a kasuwa. Akwai ta tantalam, ƙarfen da ake samu tare da kwalambait irin wanda aka daɗe ana haƙowa a tsaunukan Jos. Akwai kuma ta tangaram, 'yar mitsitsiya, wadda turjiyar cikinta kusan babu.

Ta alminiyam ita ce yanayinmu ya fi cutarwa. Ruwan cikinta yana bushewa a hankali, girmanta ya ragu, turjiyarta ta ƙaru. Ƙa'idar da masu ƙira ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwananta. Kafasitar da aka rubuta mata awa 2,000 a digiri 85, idan tana zaune a digiri 65 za ta yi kimanin awa 8,000, alhali shekara guda awa 8,760 ce. Kada ku ce digiri 65 ya yi yawa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Jibiya da Maraɗi yakan haura digiri 40 a inuwa, ga rufin kwano, ga akwatin na'ura a rufe, ga kuma wat 4.5 ɗin nan da madaidaici ke fesa wa maƙwabciyarsa. Wadda aka rubuta mata awa 2,000 a digiri 105 kuwa, a wannan wurin za ta kai awa 32,000, fiye da shekara uku da rabi. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne, na kwanansu ninki huɗu.

Sanyi ma yana da nasa. Turjiyar kafasitar alminiyam tana ƙaruwa idan gari ya yi sanyi. Tsohuwar kafasita da ta riga ta kai bakin iyaka tana iya tsallake iyakar da asubahin hunturu, na'ura ta ƙi aiki, hantsi ya ɗaga ta dawo kamar ba ita ba. Mai ita ya yi ta zargin batir, ko ya ce na'urar tana da aljanu.

Gyaran da yake ɓatawa

Yanzu ku dubi abin da kan faru a teburin mai gyara. Ya buɗe na'ura, ya ga kafasita ta kumbura, ya cire ta. Don ya kyauta wa mai kaya, sai ya dasa ta tangaram mai lamba iri ɗaya, domin ya san ba ta bushewa. Ya ɗora mita, ta nuna bolt 5 cif, ya rufe akwati. Amma idan madaidaicin irin LM2940 ne, an cire masa turjiyar da yake dogara da ita, yana iya shiga rawa ta dubban zagaye a daƙiƙa. Mita ba za ta gani ba, domin matsakaici take nunawa, kuma matsakaicin ambaliya da ƙafewa yana iya zama daidai da cikar tafki. Alamun sai daga baya: madaidaici ya yi zafin da bai saba ba, rediyo ya dinga shuu, sikeli ya dinga sauya lamba, na'urar cirar kuɗi ta mutu ta farfaɗo a tsakiyar ciniki. A wurin da ake auna kaya ana biyan kuɗi bisa awo, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ta tangaram tana da wani halin kuma. Wadda aka yi wa lamba X7R ba ta sauya girma fiye da kashi 15 cikin ɗari saboda zafi ko sanyi, amma mai lamba Y5V tana iya rasa har kashi 82. Daɗin daɗawa, irin waɗannan sukan rasa wani kaso na girmansu da zarar an ɗora musu wuta, musamman ƙananan cikinsu. Ta tantalam kuwa ba ta yafe kuskure: idan aka juya ƙafafunta tana iya kamawa da wuta, kuma an saba zaɓen wadda ƙarfinta ya ninka wutar da za ta ɗauka.

Na'urar da ke tona asirin rawa ita ce osiloskof, mai zana hawa da saukar wuta a kan gilashi. Ana ɗora wa madaidaici kaya farat ɗaya, a sauke, a dubi zanen. Idan ya ɗan nutsa ya dawo ya tsaya, lafiya. Idan ya yi ta lilo kafin ya tsaya, tazarar aminci ta yi ƙaranci. Ya kamata a gwada da kaya mai nauyi da marar nauyi, da zafi da sanyi. Inda kuwa ta tangaram kaɗai ke hannu, ana iya jera mata 'yar turjiya ta kimanin rabin om, a dasa su kusa da ƙafar madaidaici, waya gajera.

Kammalawa

Ga ɗalibai, shawarata ita ce ku saba da karanta takardar masana'anta kafin ku ɗauki ƙarfen walda. Ku nemi abu uku a ciki: mafi ƙarancin girman kafasita, iyakokin turjiyar ciki, da irin kafasitar da aka amince da ita. Makarantunmu, kamar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo a Maraɗi, za su yi wa yankin nan babban alheri idan suka buɗe ɗakunan gwajinsu ga masu gyara na kasuwa, ko da kwana ɗaya ne a wata, domin mutum ya ga rawar da idonsa.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman masu rubuta takardun sayen kaya da na kwangilar gyara, ku sani lamba ɗaya ba ta isa bayanin kafasita ba. Duk takardar da ta ce maikurofarad 22 ta yi shiru, ta bar ƙofa a buɗe ga mafi araha. Ku rubuta irinta, da ƙarfinta, da digiri 105, ku kuma nemi mai gyara ya rubuta abin da ya cire da abin da ya dasa. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Katsina da Jibiya. Irin wannan aiki yana tafe da na'urorin sigina da na sadarwa masu ɗimbin yawa, kuma 'ya'yan yankin nan ne za su riƙa kula da su cikin zafin nan da ƙurar nan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin na'ura, tsagar sau da yawa ba ta wuce girman ƙwayar gyaɗa ba.